YAYA ZAINAB TA KWANA? Nazari A Kan Matar Da Ke Tsakiyar Jiki Magayi

Duk malamin Hausa da ya taɓa karantar da littafin Jiki Magayi a aji ya san inda hayaniya take tashi. Ɗalibai sukan bi labarin tsit, su tausaya wa wannan su yi Allah wadai da wancan, amma da zarar an ambaci sunan Zainab sai ka ga hannuwa sun tashi sama, musamman a layin maza. Mun karantar da littafin nan a wata makarantar sakandare a Kurfi, daga baya muka ci gaba da karantar da shi a Dutsin-Ma, kuma a kowane aji hukuncin guda ne: mayaudariya ce, kwaɗayi ne ya ja ta, ai kuwa an ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Haka suke rubutawa a jarrabawa, mu kuma, maganar gaskiya, haka muka yi shekaru muna ba su maki da jan biro ba tare da mun tsaya mun sake tunani ba.

Abin da ya tsayar da mu wata yarinya ce 'yar aji biyar a Kurfi, wadda ba ta cika magana a aji ba. Ta amsa tambayar da aka yi kamar yadda kowa ya amsa, sa'an nan a ƙasan takardar ta ƙara wasu layuka da ba a tambaye ta ba. Ta ce, "Malam, mun ji yadda Abubakar ya ƙare, mun ji yadda Malam Shehu ya ƙare. To ita Zainab, ranar da ta san ɗanta ne ya kashe mijinta, yaya ta kwana?" Ba mu da amsa a lokacin. Muka koma gida muka ɗauko littafin muka sake karanta shi, wannan karon muna bin sawun Zainab kaɗai. Abin da muka gani a wannan karatun shi ne muke son mu gabatar wa 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa.

Kafin mu shiga cikin maganar, ya kamata mu tuna wa mai karatu inda littafin ya fito. A shekarar 1933 ne Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin Hausar boko, ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su gwada. Daga wannan yunƙuri aka sami litattafai biyar da har yau su ne harsashin rubutun zube na Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi, wanda Malam John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da shi East ɗin. Mu Katsinawa mukan yi tinƙaho da uku daga ciki, domin Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta nasa, Bello Kagara ya zama Walin Katsina daga baya, shi kuma Tafawa Ɓalewa Kwalejin Katsina ya yi. To amma wanda ba mu da rabo a cikinsa, wato na mutanen Zazzau, shi ne ya fi sauran kusa da abin da muke kira ƙagaggen labari na zamani. Ruwan Bagaja yawon duniya ne da barkwanci, Ganɗoki yaƙi ne da kirari, Idon Matambayi dabarun ɓarayi ne, Shaihu Umar kuwa bauta ce da ƙaddara. Jiki Magayi kaɗai ne ya kafa tushensa a kan abin da ke tsakanin namiji da mace, a cikin gari, tsakanin mutane irin waɗanda muke gaisawa da su kullum a ƙofar masallaci.

Labarin sananne ne, saboda haka ba za mu daɗe a kansa ba. A garin Galma akwai attajiri Malam Shehu, Allah ya ba shi dukiya bai ba shi haihuwa ba. Ya yi mafarki cewa in ya auri Zainab zai sami ɗa. Ita kuwa Zainab akwai soyayya da alkawari tsakaninta da wani saurayi, Abubakar. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da Malam Shehu, Abubakar ya ƙudurta ramuwa, ya bar gari ya shiga duniya neman asiri, ya sha wuya har ya samu. An haifi ɗan da aka yi mafarki, ana kiransa Kyauta, kuma a kansa asirin ya sauka. Yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin ubansa, ya haɗu da Dogon Yaro suka zama abokan sana'a, har ranar da ya kashe mahaifinsa da hannunsa bai san shi ba ne. Da ya gane tushen abin ya tashi neman Abubakar don ya rama, sai mutuwa ta riga shi.

To, bari mu fara da laifin Zainab, domin ba mu zo nan don mu wanke ta tas ba. Akwai alkawari, kuma alkawari kaya ne. Ba ta gudu ba, ba ta kafe ta ce sai Abubakar ko a mutu ba, ta tare a gidan mai kuɗi. Wanda ya ce ta karya zuciyar saurayin da ya dogara da ita bai yi ƙarya ba. Sai dai muna son mai karatu ya auna nauyin "na yarda" a bakin budurwa a ƙasar Hausa ta wancan zamani. Neman aure irin na attajiri ba a wurin yarinya yake farawa ba, kuma ba a wurinta yake ƙarewa ba. Goro yana zuwa wurin uba, turmin zane yana zuwa wurin uwa, gwaggo da inna da tsohuwar da ke kai saƙo kowacce ta ɗanɗana, kafin a ankara duk wanda yarinya za ta kai wa kuka ya riga ya zama ɗan aiken mai neman. A ɓangaren shari'a kuma, a mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, ko da yake an so ya shawarce ta, kuma sananne ne a hadisi cewa shirun budurwa ana ɗaukarsa a matsayin izininta. Saboda haka ko da bakinta ta furta yarda, ko kuwa sunkuyar da kai ta yi aka fassara, yarinyar da ta ga gidansu gaba ɗaya ya karkata gefe guda ba ta cikin halin da ɗalibanmu maza suke zato, su da suke ganin kamar an ajiye mata maza biyu a faifai ne aka ce ta zaɓa.

Kuma ko da mun ɗauka idonta ya rufe da kayan duniya, sai mu tambayi kanmu: mene ne kwaɗayin yarinyar da ba ta da gona, ba ta da jari, ba ta da wata hanyar ci da sha duk tsawon rayuwarta sai ta gidan da aka kai ta? Saurayi in ya zaɓi ubangida mai arziki ya bar matalauci, sai mu ce yaro ya san ciwon kansa. Wannan ba ya share laifin, amma yana rage masa girma, ya dawo da shi daidai da na mutane.

Inda maganar ta fi nauyi a wurinmu shi ne idan aka dubi mazan nan biyu aka tambaya: a cikinsu wa ya ga Zainab? Malam Shehu bai gan ta ya ji yana sonta don halinta ko hankalinta ba. Magaji yake nema, mafarki ya nuna masa ƙofar da magajin zai shigo, ya sa kuɗi ya sayi ƙofar. Da mafarkin ya nuna masa wata yarinyar, da can kayansa za su nufa. Wannan a fili yake, ɗalibai ma sukan gane shi da kansu. Wanda ba su cika son a taɓa ba shi ne Abubakar, domin shi ne gwarzonsu, talakan da aka zalunta. Lalle an zalunce shi. Amma a dubi irin ramuwar da ya zaɓa. Bai nemi dukiyar Malam Shehu ta ƙone ba, bai nemi ciwo ya kama shi ba, sai ya nufi jinjiri. Ya zauna ya yi lissafi cewa abin da ya fi soyuwa ga abokin gabarsa shi ne ɗan nan, saboda haka nan zai soka. A cikin wannan lissafi duka, ina uwar ɗan? Mutumin da ya ce ya so ta tun suna yara ya shafe shekaru cikin daji da ƙauyuka yana neman abin da zai lalata abin da ta ɗauka wata tara a cikinta. Ko dai ya manta cewa yaron nata ne, ko kuwa ya tuna bai damu ba, kuma ba mu san wanne ya fi muni ba. A ganinmu tun ranar da aka ɗaura auren nan Abubakar ya daina zancen Zainab a zuciyarsa, ya koma zancen Malam Shehu. Abin da ke cinsa wulaƙanci ne, an nuna masa cewa shi ba kowa ba ne. Rigima ce ta maza biyu, ɗaya da kuɗi ɗaya da asiri, filin da suka yi kokawar kuwa cikin mace ne.

A nan ne sunan littafin yake ba mu abin tunani. Jiki magayi, wato abin da kunne ya ƙi ji, jiki zai gaya wa mai shi. Yadda aka saba fassarawa, gargaɗi ne ga Malam Shehu, kuma jikinsa ya gaya masa. Wasu sukan ƙara da cewa shi ma Abubakar nasa jikin ya gaya masa, tun da bai mori ramuwar ba. Kyauta ma ya sha tasa wuyar. To amma jikin da ya yi laulayi, ya yi naƙuda, ya yi wankan jego, ya shayar, ya goya, sa'an nan ya zauna yana kallon abin da ya goya yana zama abin gudu a gari, wannan jikin fa? Shi ne wanda aka fi gaya wa, kuma shi ne wanda marubutan suka fi taƙaita mana labarinsa. Ko sunan yaron akwai abin lura a ciki. Hausawa kan kira yaro Kyauta idan an daɗe ana nema kafin a samu, wato kyauta ce daga Allah. Amma ga mai karatun da ya ga yadda aka samo uwar, sunan yana da ɗaci na biyu: da kyauta aka ɗauko ta, da Kyauta aka hukunta ta.

Akwai wani abu kuma da muke ganin sai Bahaushe zai ji shi sosai, wanda littafin bai tsaya bayaninsa ba domin masu karatunsa na farko ba su bukatar a gaya musu. Kyauta ɗan fari ne. A al'adarmu, musamman ta wancan lokaci, uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, in an yabe shi ta kau da kai, in an zage shi ta yi kamar ba ta ji ba. Har yau a ƙauyukan da ke kewaye da Kurfi da Dutsin-Ma akwai tsofaffin da za su mutu ba su taɓa kiran sunan ɗansu na fari ba, sai dai "wannan yaron" ko "shi wancan". Yanzu a ɗora wannan a kan Zainab. Ana kawo ƙarar ɗanta safe da yamma, ba ta da bakin kare shi, domin ba ta da hujja, kuma ko tana da ita kunya ta hana. Ba ta da damar yin kuka a tsakar gida. Ga ta kuma a gidan da ta tarar da matan da ba su haihu ba, ta shigo daga baya ta haifi magaji. Duk wanda ya tashi a gidan kishiyoyi ya san irin habaicin da zai riƙa tashi daga bakin murhu ranar da aka ce magajin nan an kama shi da kayan mutane. Shirun Zainab a tsakiyar littafin, wanda muka daɗe muna ɗauka alama ce ta cewa ba ta da muhimmanci, shiru ne mai sunaye da yawa a Hausa: kunya, kawaici, kara, haƙuri. Mai karatun da bai san waɗannan ba zai ga fili ne kawai babu kowa.

Sai kuma mu zo kan tambayar ɗalibarmu. Mace in mijinta ya mutu takan yi takaba wata huɗu da kwana goma. A yi tunanin wannan zama. Mata suna shigowa gaisuwa, kowacce ta ce Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri, kuma a irin wannan mutuwa ta kisa akan ƙara da cewa Allah ya saka masa, Allah ya tona asirin wanda ya yi. Da wane baki Zainab za ta ce amin? Ita ce matar wanda aka kashe, ita ce uwar wanda ya yi kisan, ita ce kuma tsohuwar budurwar wanda ya ƙulla abin. Duk addu'ar da aka yi wa ɗaya, a kan ɗayan take faɗawa, kuma duka ukun nata ne. Cikin mutum ukun da aka fara labarin da su, biyu sun huta, ita aka bari da sani. Wanda ya karanta tsohon wasan Girkawa na Sarki Odifus, wanda shi ma ya kashe ubansa bai sani ba, zai tuna cewa uwar a can da gaskiya ta bayyana rataye kanta ta yi. Zainab Musulma ce Bahaushiya, wannan ƙofar a rufe take gare ta. Abin da ya rage mata shi ne gari ya waye ta ɗora tukunya.

Me ya sa marubutan ba su shiga da mu ɗakinta ba? Amsa mai sauƙi ita ce maza ne su biyu, ɗaya Bature, ɗaya ɗan Wusasa, suna rubuta ɗan ƙaramin littafi don 'yan makaranta waɗanda kusan dukkansu maza ne. Akwai gaskiya a wannan. Ga kuma salon zamanin: marubutan 1933 daga tatsuniya da hikaya suka fito, inda ake sanin mutum ta abin da ya aikata da abin da ya faɗa, ba a cika buɗe ƙirjinsa a leƙa ba. Ko mahaifiyar Shaihu Umar, wadda ita ce macen da ta fi kowace ƙarfi a litattafan biyar ɗin, da ƙafarta muka san ta, wato ta tashi ta bi sawun ɗanta har ta ƙetare hamada ta faɗa cikin bauta. Ita an ba ta tafiya, tafiya kuwa labari ce. Zainab an ba ta zama, marubutan lokacin kuma ba su riga sun gano yadda ake mayar da zama labari ba.

Sai dai kada mu yi saurin cewa duk macen da aka hana magana a littafi an yi sakaci ne da ita. A shekarar 1929, 'yan shekaru kaɗan kafin gasar East, wani marubucin Amurka, William Faulkner, ya fitar da littafinsa The Sound and the Fury, wanda ake lissafawa cikin manyan litattafan sabon salo na Turawa. Labarin wani gida ne da ya lalace, kuma abin da ya dami kowa a gidan 'yarsu ce mace, Caddy, wadda ta yi cikin shege aka aurar da ita a gaggauce, auren ya mutu, aka raba ta da 'yarta. Littafin kashi huɗu ne. 'Yan'uwanta maza uku kowanne an ba shi kashi guda ya faɗi abin da ke ransa: ɗaya mai taɓin hankali da ke kewarta, ɗaya da abin kunyarta ya dame shi har ya kashe kansa, ɗaya kuma da ya tsane ta yana cinye kuɗin da take aiko wa 'yarta. Ita Caddy ba a ba ta kashi ko ɗaya ba. Kusan shekara ɗari ke nan manazarta suna gardama a kanta, wasu su ce lalatacciya ce, wasu su ce ita kaɗai ce mai zuciyar ƙauna a gidan. Bambancin shi ne Faulkner da gangan ya yi, ya san cewa ramin da ya bari shi zai riƙa jan mai karatu. Ba mu ce Tafida da East sun yi irin wannan niyya ba. Amma sakamakon ya yi kama: mace a tsakiya, maza a kewaye kowa yana auna ta da ciwon kansa, mai karatu kuma in bai yi hattara ba sai ya ari idon ɗaya daga cikin mazan ya ɗauka nasa ne. Ɗalibanmu idon Abubakar suka ara, mu ma malamansu haka.

Adabin Hausa bai bar maganar a nan ba, kuma abin sha'awa ne a bi yadda aka riƙa komowa kanta. A 1980 Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya, inda Boɗaɗo ta tsaya a kan wanda take so duk da ƙin dangi. A farkon shekarun 1990 Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna, inda Sumayya ta gwammace ta faɗa rijiya da a aurar da ita ga mai kuɗin da ba ta so. Amma wadda ta fi ba mu amsa kai tsaye ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an yi mata aure tana ƙarama, a littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990. Tauraruwarta Abu ce, kowa kuwa ya san Abu laƙabin Zainabu ne. An cire ta daga makaranta, an aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijo mai hali, ta gudu ta tafi birni ta nemi ilmi ta tsaya da ƙafarta. Ba mu ce marubuciyar ta zaɓi sunan don ta mayar wa Jiki Magayi martani ba, amma mu da muke karanta litattafan biyu a jere ba mu iya kauce wa ganin haka: bayan shekara hamsin da 'yan kai, an sake kawo wa wata Zainabun mai dukiya, wannan karon kuma mace ce ke riƙe da alƙalami, sai muka ji abin da ke faruwa a cikin ɗakin bayan 'yan rakiyar amarya sun watse.

To amma a nan muna da ɗan ƙorafi ga 'yan'uwa masu tasowa, kuma shi ne ainihin abin da ya sa muka aiko da wannan maƙala ga mujallar marubuta maimakon mu bar ta a ɗakin malamai. Rubuce-rubucen da ake kawo mana mu duba a Dutsin-Ma, da waɗanda yaranmu ke karantawa a waya, sun koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Tauraruwa takan yi kuka shafi goma, ta faɗa kan gado, ta yi wa kanta jawabi, ta gaya mana sau bakwai cewa zuciyarta tana tafarfasa. Ba ta da laifi ko na sisin kwabo, ita mala'ika ce, kishiyarta ko uwar mijinta kuwa shaiɗaniya. Irin wannan macen mukan manta da ita kafin mu rufe littafin, domin ba a bar mana aikin komai ba. Zainab kuwa, da ɗan abin da aka ba ta, ga shi sama da shekara tamanin ana faɗa a kanta a aji. Dalili shi ne tana da laifi na gaske, hukuncinta kuma ya fi laifin nesa ba kusa ba, tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ke hana mai karatu barci. Marubucin da ke son a tuna da macen da ya ƙaga sai ya yarda ta yi kuskure da hannunta, kuskuren da shi kansa ba zai iya kare ta a kai ba, sa'an nan ya zauna tare da ita bayan kowa ya tashi. Wannan zaman ne Tafida da East ba su yi ba. Na yanzu kuma suna yin zaman, amma sun ƙi yarda ta yi kuskuren.

Akwai masu cewa, kuma wani abokin aikinmu ya faɗa mana haka a ɗakin malamai, wai muna ɗora wa littafin abin da babu a cikinsa, takaba da habaicin kishiyoyi da kunyar ɗan fari duk mu muka kawo su. Ƙorafi ne mai ƙarfi, domin manazarci ba shi da izinin ya rubuta sabon littafi ya liƙa wa marubuci. Amsarmu ita ce ba mu ƙara wa labarin wani aukuwa ba. Marubutan ne suka ce garin Hausawa ne, suka ce gidan attajiri ne da ya daɗe bai sami haihuwa ba, suka ce ɗan fari ne, suka ce ya kashe ubansa uwar tana raye. Wanda ya ce maka an yi ruwa a Dutsin-Ma bai bukatar ya ƙara da cewa ƙasa ta jiƙe. Abin da ba mu da ikon yi shi ne mu ce ga abin da Zainab ta faɗa a ranta, ko ta yi nadamar barin Abubakar, ko ta tsine masa, ko kuwa ta zo ta so Malam Shehu daga baya kamar yadda mata da yawa suka so mazan da ba su zaɓa ba. Wannan ƙofar marubutan sun ja ta, kowane mai karatu sai dai ya tsaya a bakinta ya kasa kunne.

Tun daga shekarar da yarinyar nan ta yi mana tambayarta muka canza aikin da muke bayarwa idan an gama littafin. Maimakon a kawo halayen Zainab guda biyar, sai mu ce kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan daren farko na takabarta, da sharaɗin kada a sa ta yi kuka kuma kada a sa ta yi dogon jawabi. Maza sukan sha wuya, da yawa sukan ɓuge da rubuta labarin Kyauta. 'Yan mata kuwa sukan kawo abubuwan da ba mu taɓa tunani ba. Wata ta sa ta tana ninke rigunan mamacin, ta tarar da wata 'yar ƙaramar taguwa ta yaron a ƙasan adaka, ta rasa a wane tari za ta sa ta.

Mun taɓa ba wata gwaggonmu a Kurfi labarin littafin daga farko har ƙarshe, ita da ba ta yi boko ba, muka tambaye ta ko Zainab ta kyauta. Ta ce ba ta kyauta ba, alkawari ba abin wasa ba ne. Muka ce to ashe abin da ya same ta daidai ne. Ta dube mu ta ce, "Kai yaro, wa ya gaya maka? Ai shi mai asirin da shi mai kuɗin sun yi kwanciyarsu. Ita fa da wa za ta yi hira?" Daga nan ta ci gaba da tsince wakenta, ba ta ƙara cewa komai a kai ba.